Malami da Almajirinsa a Ƙasar Gobir: Tarihin Saɓani a Kan Iko

Wanda ya tashi daga Sabon Birni ya bi gefen Gulbin Rima ba zai yi nisa ba zai iske kufan Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18. A nan sarautar Gobir ta kai ƙarfinta, a nan kuma ta faɗi a 1808. 'Yan makaranta a Isa da Sabon Birni sun san labarin a matsayin yaƙin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Sarkin Gobir Yunfa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, manyan mutanen wannan tarihi kusan duk a zauren karatu suka fara haɗuwa. Wannan ya gurfana gaban wancan, wancan ya karɓi ijaza daga hannun wani. Kafin a zare takobi a Gobir an daɗe ana jayayya a kan tambaya guda: in malami da almajirinsa suka saɓa, maganar wa za a bi, kuma da me za a raba gardama?

Ikon malami a zaure

A wancan zamani, inda malami ya shimfiɗa buzunsa nan ne makaranta. Yaro yakan fara da allo da tawada, ya bi babbaƙu da farfaru a gaban gardi mai bulala a hannu. In ya sauke Alƙur'ani sai ya shiga littattafai: Ahalari, Ishmawi, Risala, har ya kai Muhtasar. Da hantsi ɗalibai su taru a zaure, kowa ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Wanda layi ya zo kansa ya matso ya durƙusa, ya zaro warƙoƙinsa daga gafaka, ya ja baƙi layi ɗaya, malam ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, sannan ya sake ja. Sauran suna kasa kunne, domin karatun wani ma karatu ne. In zai yi tambaya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam." Da damina ɗalibai su yi wa malam noma, da rani su kawo masa itace da ruwa.

Ikon malami a irin wannan wuri babba ne ƙwarai. Babu wata takardar shaida sai ijazarsa, wadda ke jera sunayen malamai tun daga shi har zuwa mawallafin littafi. An kuma yi imani cewa karatun da ba albarkar malam a ciki ba ya amfanar mai shi. Amma tsarin yana da ƙofofi biyu da ke hana ikon zama danniya. Ta farko, ɗalibi yana iya neman izini ya ɗauki gafakarsa ya koma gaban wani malami, har a wata ƙasa. Ta biyu, littafi yana gaba da malami. In ɗalibi ya ga nassi ya saɓa wa fassarar da aka yi masa, yana da damar ya kawo hujja, muddin ya kiyaye ladabi. Duk rikicin da za mu bi a nan, a kan buɗewa ko rufewar waɗannan ƙofofi biyu ya tashi.

Shehu da Malam Jibrilu

An haifi Shehu Usmanu a Marata cikin ƙasar Gobir a 1754, ya tashi a Dagel. Ya yi Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya karanci Muhtasar a wurin Usmanu Binduri, ya bi wasu malamai da dama cikin danginsa. Amma wanda ya fi barin tambari a zuciyarsa shi ne Malam Jibrilu ɗan Umar, malami mai zafin wa'azi da ya yi zama a Agadas, ya kuma je aikin hajji sau biyu. Shehu ya bi shi har Agadas. Da malam zai wuce Makka, sai ɗalibin ya juyo gida domin mahaifinsa bai ba shi izinin tafiya ba. Tun a nan ana iya ganin mutum mai auna haƙƙin kowa: na malami daban, na mahaifi daban.

Saɓaninsu ya zo ne a kan mas'ala mai nauyi. Malam Jibrilu ya tafi a kan cewa wanda ya dulmuya cikin manyan zunubai, irin su cin dukiyar maraya da tara mata fiye da huɗu, ya fita daga Musulunci. Shehu bai yarda ba. Ya ce mai saɓo fasiƙi ne, amma ba a kafirta shi da zunubi, kuma wannan ita ce hanyar Ahlussunna. Bai yi gunaguni a bayan idon malaminsa ba, bai kuma haɗiye maganar don kunya ba. Alƙalami ya ɗauka ya rubuta, a littafinsa Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da wasu, ya jera hujjojin magabata, sannan ya nema wa malaminsa uzuri, cewa kishin addini da tausayin al'umma suka kai shi ga tsanantawa. Har ƙarshen rayuwarsa bai daina ambaton Malam Jibrilu cikin manyan shehunansa ba, bai kuma daina yaba masa ba.

Wannan shi ne saɓanin da ya fi kowanne tsafta a tarihin Gobir. Ɗalibi ya ce wa malaminsa a'a, ba a zubar da jinin kowa ba, ba a yanke zumunci ba, ilimi kuma ya ƙaru da littafi.

Daga Magami zuwa dokar Nafata

Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774. Ya zagaya Kabi da Zamfara, almajirai suka yi ta kwarara zuwa Dagel: Fulani, Hausawa, Buzaye, maza da mata. Aka riƙa kiransu Jama'a. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar nasa rabo. A madadinsa ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka.

Bawa sarki ne da ya ƙoshi da mulki, bai ga abin tsoro a rawanin malami ba. Waɗanda suka gaje shi sun iske ƙasa ta sake. Yakuba ya mutu a fagen yaƙi a Kiyawa, Zamfarawa suna neman ƙwace kansu, ga kuma wata runduna ta masu karatu a tsakiyar Gobir da ke jin maganar malaminta fiye da ta hakimi, har ta fara tanadin makamai. Da Nafata ya hau, sai ya sa aka yi shela a kasuwanni: ban da Shehu shi kaɗai, kada wani ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma addinin kakanninsa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Dokar ta bar malami, ta ɗaure almajiransa. Malamin da ɗalibansa ba su da damar karantar da abin da ya koya musu kuwa, an rufe makarantarsa ko da ba a taɓa zaurensa ba.

Yunfa: almajirin da ya zama sarki

Riwayoyi sun daɗe suna cewa Yunfa ɗan Nafata ya yi karatu a gaban Shehu tun yana ɗan sarki, kuma goyon bayan Shehu yana cikin abin da ya ba shi gadon sarauta wajen 1802. An ce a farkon sarautarsa ya je Dagel gaisuwa, ya sauka daga doki ya taka da ƙafa don girmamawa. Sai dai dangantakar ta riga ta zama mai wuyar ɗauka. A zaure, Yunfa ne zai durƙusa ya ce "Allah gafarta Malam." A fada kuwa Shehu talakan Gobir ne, kamar kowa. Kowannensu yana da iko a kan ɗan'uwansa, kuma babu alƙalin da su biyun suka yarda ya raba su.

Adalci ne a duba abin da idon Yunfa ma, tun da yawancin abin da aka rubuta ya fito ne daga alƙaluman waɗanda suka yi nasara. Shi dai gadon kakanninsa yake karewa, a ƙasar da maƙwabta ke jiran ta yi rauni. Fadawa suna kai masa labarin yawan Jama'a, malaman fada kuma, waɗanda Shehu ya daɗe yana suka, suna zuga shi. Amma hanyar da ya zaɓa ita ce ta ɓata komai. Abdullahi ƙanen Shehu ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa sarki ya kira Shehu Alƙalawa, suka shiga fada su uku: Shehu, da shi Abdullahi, da Umaru Alkammu. Suna zaune gabansa sai ya ɗana wa Shehu bindiga. Wutar ta koma kansa ta ƙone shi, baƙin nasa kuwa ba wanda ya motsa daga inda yake. Daga ranar nan babu sauran amana tsakanin malami da tsohon ɗalibinsa.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne Gimbana. Wani almajirin Shehu, Abdussalami, Ba'are, ya tsere wa dokar Nafata da mutanensa ya zauna a can, kan iyakar Kabi. Yunfa ya kira shi, ya ƙi zuwa. A watan azumi, ƙarshen 1803, dakarun Gobir suka auka wa garin, suka kashe na kashewa, suka kama na kamawa. Da za su koma Alƙalawa sai suka biyo da kamammun ta gefen Dagel, ɗaure, a gaban idon 'yan'uwansu na karatu. Mutanen Shehu suka fito suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya kwashe iyalinsa ya fita daga Dagel, ya bar Jama'a. Shehu ya amsa cewa zai bar ƙasar, amma ba zai rabu da almajiransa ba.

A Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu. Yunfa ya aika a dawo, Shehu ya kafa sharuɗɗa: sarki ya tuba, ya mayar da dukiyar da aka ƙwace, ya saki waɗanda aka kama. Fada ta ƙi. A Gudu Jama'a ta yi wa malaminta mubaya'a, ya zama Amirul Muminina. A Yunin 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto, Abdullahi yana jagorantar Jama'a, rundunar Yunfa ta watse. A ƙarshen shekarar Gobirawa da Buzaye suka rama a Tsuntsuwa, dab da Alƙalawa, inda aka ruwaito cewa mutanen Shehu wajen 2,000 suka kwanta dama, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Duk wanda ya san shekarun da ake ɗauka kafin a samu mahaddaci ɗaya zai gane girman wannan asara. A Oktoban 1808 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ci Alƙalawa, Yunfa ya mutu yana yaƙi a birninsa.

Abdullahi da Abdussalami

Nasara ba ta kashe tambayar ba, ciki ta shigo da ita. Abdullahi ƙanen Shehu ne kuma ɗalibinsa, shi da kansa ya jera littattafan da ya karanta a gabansa a Ida'un Nusuhi. Tun ana cikin yaƙi ya ga son mulki da ganima sun fara cin zukatan wasu, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Ya saɓa wa Shehu a kan kaɗe-kaɗe, da sa tufafin alfarma, da laƙaban sarauta, da hukuncin Musulmin da ya taimaki kafirai, wanda shi yake ganin babban saɓo ne da bai kai kafirci ba. Shehu ya ba da amsa a Najmul Ihwani. Yanzu shi ne malamin da ake ja da shi, kuma ya yi wa ɗalibinsa abin da ya yi wa Malam Jibrilu: littafi ya amsa littafi.

Na Abdussalami bai ƙare haka ba. Mutumin da aka fara yaƙi saboda garinsa ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalarsa ba. Ya riƙa sukar sababbin masu mulki da zalunci da cin dukiyar mutane. Shehu ya tsawata masa, aka zaunar da shi a Kware kusa da Sakkwato. Muddin malaminsa yana raye bai zare takobi ba. Da Shehu ya rasu a Afrilun 1817, Bello ya gaje shi, sai abin ya fito fili, domin Bello a wurinsa abokin karatu ne kuma ɗan malam, nauyinsa bai kai na malam ba. Sun yi musayar wasiƙu, har Abdussalami ya zana yadda aka raba ƙasa tsakanin manya yana tambayar ina nasa kaso. Bello ya tattara labarin a Sardul Kalami, ya yanke cewa haɗa kai da abokan gaba ya fitar da shi daga addini. Mas'alar kafirtawa, wadda ta raba Shehu da Malam Jibrilu a kan takarda, ta dawo ke nan, amma wannan karo da runduna a bayanta. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, inda Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki, su biyun suka kuma shirya bayan saɓanin da ya shiga tsakaninsu. Daga baya aka yi sulhu da Buhari ɗan Abdussalami, ya zauna a Jega.

Gobirawa ma ba su miƙa wuya ba. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshen gidan ya kafa Sabon Birni. Yau ana kiran Sarkin Gobir a Tsibiri, ana kiransa a Sabon Birni, ana kiransa a Isa, kuma kan iyaka ta ratsa tsakanin dangi.

Da boko ta zo

Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya, sai makarantun midil a larduna. A nan ikon malami ya sake kama. Bayan hedimasta akwai En'e, bayan En'e akwai Razdan. Ƙararrawa ke tashin yaro, ita ke kwantar da shi, kuma in bai ji daɗin malami ba babu wani zaure da zai koma, sai kora. Ƙofar farko ta rufe. Shi ya sa ɗalibin boko ya koyi wata hanya, wato bore. An ruwaito cewa Malam Aminu Kano yana ɗalibi a Midil ta Kano, cikin shekarun 1930, ya jagoranci yajin 'yan makaranta a kan rashin kyawun abinci da ƙarancin sabulu da tsananin dokoki. Da ya zama malami a Bauci, sannan a Maru cikin Lardin Sakkwato, an san shi da jan ɗalibai a jiki da ba su damar magana, kafin ya ajiye alli a 1950 ya shiga siyasa.

Inda aka rasa irin wannan kunne, abin ya yi muni. A Afrilun 1978 ƙarin kuɗin abinci a jami'o'i ya tayar da zanga-zangar neman a tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya. A Mayun 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwanon tunawa da waɗancan, hukumar jami'a ta hukunta shugabanninsu, rikici ya tashi, aka kira 'yan sanda, aka sake rasa rayuka a Samaru. Zamani daban, dalilai daban, amma a nan ma makami ya shiga maganar da ya kamata ta ƙare tsakanin malami da ɗalibi.

Abin da tarihin ya nuna

Saɓani huɗu muka gani a gidan karatu guda. Biyu sun ƙare da littattafan da har yau ake karantawa, biyu sun ƙare da kufai. Bambancin bai zo daga girman mas'ala ba, domin abin da ya raba Shehu da Malam Jibrilu ya kai kowanne nauyi. Ya zo ne daga ko ɓangarorin biyu sun yarda akwai hujjar da ke gaba da su duka, da kuma ko mai ƙarfi a cikinsu ya iya riƙe hannunsa. Yunfa yana da bindiga, ya ɗana ta a kan malaminsa. Shehu yana da daula a hannu lokacin da Abdullahi ya ja da shi, amma alƙalami ya ɗauka.

Mun gaji ladabin durƙusawa gaban malami, kuma gado ne mai kyau da bai kamata a yar ba. Amma mun gaji wani abu tare da shi wanda muke neman mantawa, wato 'yancin ɗalibi ya tambayi dalili. A yau da rashin tsaro ya rufe makarantu da yawa a ƙauyukan Isa da Sabon Birni, duk ajin da ya rage a buɗe da duk tsangayar da ke kunna wuta da dare amana ce babba. Ya kai malami, in ɗalibinka ya kawo maka hujja, saurare shi, kada ka kira tambaya rashin kunya, kada ka kai ƙararsa inda ake amsawa da ƙarfi alhali kana da amsa a littafi. Kai kuma ɗalibi, in ka ga malaminka ya kauce, faɗa masa a gabansa da dalili da ladabi, ka kuma riƙe alherinsa ko da ka fi shi sani ko matsayi. Allah Ya jiƙan magabatanmu na Gobir da na Sakkwato baki ɗaya, Ya ba malamanmu haƙuri, Ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani.